Kalmar Da Na Nema Da Asuba

Muna aji biyar na sakandare malaminmu na Turanci ya jera mana su a kan allo: elated, thrilled, ecstatic, jubilant, euphoric, overjoyed. Ya ce duk ma'anarsu ɗaya ce, wato farin ciki mai yawa, kuma duk wanda ya tsaya ga happy kaɗai a jarrabawar WAEC ya cuci kansa. Muka haddace su kamar jadawalin lissafi. Na ci jarrabawa da su ban san nauyin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai a jami'a, inda na karanci Turanci, na fara bin salsalarsu. Ashe kowacce da labarin da take goye da shi. Thrill ta fito ne daga wata tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin hudawa, kuma 'yar'uwarta ce ke maƙale a ƙarshen nostril, wato ƙofar hanci. Ecstasy daga Girkanci take, tana nufin mutum ya fita daga hayyacinsa. Rapture daga Latin, ma'anarta fizgewa, tushenta ɗaya da raptor, sunan da ake kiran shaho da shirwa masu sure ɗan tsako. Elated shi ne wanda aka ɗaga sama, jubilant kuma mai ihun murna. Euphoria kuwa likitocin Turai na da ne ke faɗinta game da majiyyacin da ya ji sauƙi. Na riƙa tambayar kaina: me ya haɗa murna da huda da fizga da jinya? Ban sami amsa a aji ba.

A barandar asibiti amsar ta same ni. Yayata ta shekara 9 a ɗakin miji ba ta haihu ba, ta sha gori har ta gode Allah. Da rabo ya zo, naƙuda ta zo da gardama. Jini ya ɓalle, likita ya ce sai an yi mata aiki, a gaggauta nemo jini. Nawa bai dace da nata ba. Na kira wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare, mutumin kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Cikin tsakar dare ya hau babur ya zo, ya miƙa hannu aka ɗiba, ya koma gida saboda da safe yana da aiki.

Ana kiran assalatu ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce an sami 'ya mace, kuma uwar ta farfaɗo. Inna, wadda ta kwana da carbi a hannu, ta faɗi ta yi sujada a kan siminti, ta ɗago tana kuka. Gwaggo ta manta a asibiti take, ta rangaɗa guɗa har aka tsawatar mata. Ni kuwa wani abu ne ya soke ni a ƙirji, gwiwoyina suka saki, sai da na dafa bango.

Da na dawo cikin hankalina na zaro waya don in sanar da abokina. Da Bahaushe ne, da na ce masa Inna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha, gidanmu kowa baki har kunne. To, Turanci ne kaɗai gadar da ke tsakaninmu. Na rubuta happy, na goge, don ta yi ƙanƙanta ga mutumin da jininsa ke gudana a jikin 'yar'uwata. Nan kalmomin allon nan suka dawo mini, kowacce da mai ita. Sukar da na ji a ƙirji ita ce thrill. Guɗar Gwaggo ita ce jubilant. Inna da ta fita daga hayyacinta ita ce ecstatic. Euphoria tana can ciki, kwance a gadon jinya. Sai na gane waɗanda suka ƙera kalmomin nan sun san cewa babbar murna maƙwabciyar tsoro ce, kuma wanda ya kwana cikin fargaba shi ya fi sanin zafinta.

Na zaɓi overjoyed, mafi sauƙi a cikinsu: murnar da ta fi ƙarfin mazubinta, kamar tulun da ya cika ya tumbatsa. Minti ɗaya bai cika ba ya kira ni. Muka yi shiru a waya, ina jin yana jan hanci, kafin ya tambaye ni yaushe ne suna.

Yanzu ni ma ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma ina rubuta kalmomin nan a allo. Amma kafin in fassara ko ɗaya, nakan ce wa kowane ɗalibi ya ba ni labarin ranar da murna ta taɓa sa shi kuka, sannan mu zauna tare mu nemo kalmar da ta dace da ranar.