Injin da Ake Saurara

Tsawon ran inji yana hannun mai gyaransa. Wannan ne darasin da na ɗauko daga shekarun da na yi ina miƙa wa kawuna sifana a gaɓar ruwan Apapa, inda yake gyaran injinan ƙananan jiragen kamun kifi.

Mafi soyuwa a gare shi su ne tsofaffin injinan Ingila, Gardner da Lister, 'yan'uwan wanda ke juya injin niƙa a ƙauyukanmu. Jikinsu kauri gare shi, juyinsu kuma a natse, bai cika wuce 1,500 a minti ɗaya ba, don haka ƙarfe ba ya saurin cin ƙarfe. Kawu yakan kafa sukuddireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙinta, ya faɗi fistin da ke ciwo. A sauya baƙin mai a kan kari, a tace ruwa daga man dizal, a kankare gishirin da ke toshe hanyar sanyaya inji, shi ke nan, sai ya yi wa jika aikin da ya yi wa kaka.

Sababbin injina ma suna da abin yabo. Ba su shan mai da yawa, hayaƙinsu kaɗan ne, ga shi kuma tun shekarar 2000 dokokin sufurin teku na duniya suke ƙara matsa wa masu ƙera su lamba kan gurɓata iska. Sai dai kwamfuta ce ke auna musu mai, tana feso shi da matsi mai tsanani ta ƙofofi masu sirantar gashi. Ɗigon ruwa a cikin mai ya isa ya lalata su. In sun tsaya, sai an kira mai na'ura daga kamfani, a jira kaya daga ƙetare, jirgi na ɗaure, iyalan masunta na cin bashi.

Ranar da aka fara kawo wa kawu irinsu, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba da mu yake magana ba."

Abin da ke damuna ke nan. A tsakiyar teku babu gareji. Matuƙin da ya san cikin injinsa yana da dabarar komawa gida, wanda kuwa aka rufe wa nasa da dalma, sai dai ya zuba wa sararin ruwa ido.