Zare: Na kusa sayar da hedifon ɗina saboda laifin da ba nasa ba

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin yadda na kusa yin asara sau biyu a kan abu ɗaya. Na daɗe ina tara kuɗi kafin na sayi Sennheiser HD 600, na hannu. Tun 1997 ake ƙera shi, kuma har yau masu harkar sauti ba su daina yabonsa ba.

2/ Ranar da ya iso na soka a waya, na kunna Shata. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na ƙure maɓallin ƙara, amma kalangu kamar a ɗakin maƙwabta ake kaɗa shi. Na ce shi ke nan, an cuce ni. Har na ɗauki hotonsa zan sa a kasuwa.

3/ Kafin nan na kai wa wani dattijo da ya tsufa a aikin situdiyo. Ya juya shi, ya yi dariya, ya ce: “Ɗana, doki ka saya kana ba shi abincin akuya.” Na ce, “Baba, kamar yaya?”

4/ Ya ce ƙananan abin kunnen da ke zuwa da waya juriyarsu ga lantarki om 16 zuwa 32 ce, wannan kuwa om 300. Yana buƙatar a tura masa bolt mai yawa kafin ya motsa sosai. Waƙa kuma ba ƙarfi ɗaya take tafiya ba: duk dukan ganga ƙarfin yana tsalle. Idan waya ta riga ta kai maƙura, sai ta yanke saman dukan.

5/ Na sayi ƙaramar amfilifaya ta tebur, ba mai tsada ba. Kai! Nan bambancin ba na gardama ba ne. Kalangu ya samu jiki, muryar 'yan amshi ta rabu da ta Shata, ga maɓalli ko rabi bai kai ba.

6/ Da na tsaya nan da na huta. Amma cutar ta kama ni. Na ce tunda amfilifaya ta yi wannan, ina ga DAC mai tsada, wato na'urar da ke mayar da lambobin fayil su zama sauti? Kuɗin da muka ware na gyaran rufin ɗaki kafin damina na taɓa. Na haɗa, na rantse duniya ta buɗe.

7/ Maiɗakina ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi: “Baban Ummi, in dai ka ji bambancin, ai za ka gane shi ido a rufe.” Baba ya ara min mita, muka daidaita ƙarfin tsohuwa da sabuwa har suka zo ɗaya. Na juya baya, tana canja waya.

8/ Sau goma ta gwada ni, na canka biyar. Daidai da mai jefa kwabo. Ashe sabuwar ta ɗan fi ƙara ne kawai, kunnen mutum kuma ko desibel 1 aka ƙara masa sai ya ce sautin ya fi kyau. Ga kuma ido da ya ga farashi.

9/ Abubuwan da suka canza sauti da gaske sun fi arha. Soson kunnen ya lotse, da na sa sabo sai sautin ya washe. Wani zuuu da nake ji in janareto na aiki, daga cajar laftof yake, ina zare ta ya ɓace. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset kuwa, babu na'urar da za ta dawo mata da abin da ta rasa.

10/ Don haka in za ka sayi babban hedifon, fara duba ko abin da za ka soka shi yana da ƙarfin ɗaukarsa. In ba shi da shi, amfilifaya dole ce. In ya samu, kafin ka ƙara ko sisi, daidaita ƙara, rufe ido, sa wani ya gwada ka.

11/ DAC ɗin dai na sayar da faɗuwa, an gyara rufi. HD 600 yana nan. Har yau in na fara leƙa farashin wata na'ura, sai ta ce: “In ɗauko mitar Baba?”