Inda Kifi Ya Fi Sabulu Araha

Inna ce ta aike ni. Tun shigowar sanyi take ta maganar, har ranar da makarantar da nake koyarwa ta ba da hutun ƙarshen shekarar 2024. Bayan sallar isha'i ta kira ni ɗakinta ta ce, "Tunda ka samu sarari, ka je Baga ka taho mini da ƙanena. Ka ce ni na ce. Girma ya kama mu, ya dawo kusa." Ta kwance bakin zane ta miƙo mini kuɗin adashin da ta ɗauka, ta haɗa da ƙullin daddawa da kuka, wai kada in je hannu rabbana.

Kawu ya bar ƙauyenmu na ƙasar Batsari ne bayan farin 1984, yana saurayi, ya bi ayarin 'yan cirani zuwa bakin Tafkin Cadi. Ya tafi da niyyar rani ɗaya, sai kamun kifi ya riƙe shi. Can ya yi aure, can ya hayayyafa. A watan Janairun 2015, da 'yan Boko Haram suka afka wa Baga, ya fito da iyalinsa a ƙafa, suka iso mana Katsina daga su sai kayan jikinsu. Shekara shida ya yi a gidanmu. Da gwamnatin Borno ta fara mayar da mutanen Baga garinsu a 2020, bai cika shekara ba ya ɗaure kayansa. Inna ta yi kuka, ta yi faɗa, ya tafi. Tun daga ranar nake son in ga abin da ke cikin garin nan da har dattijo zai bar birnin Dikko saboda shi.

Da asuba na shiga mota. Hazo ya rufe gari, ko Ƙofar Ƙaura da ƙyar ake hango ta. Muka bi ta Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya da Bichi, muka faɗa Kano da hantsi. Tun a nan kuɗin Inna suka fara ramewa, don tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai sake zama wuri ɗaya ba, ga litar fetur a lokacin ta haura naira 1,000. Daga Kano sai Wudil, Azare, Potiskum. Direbanmu ya yi ta gudu don ya riski Maiduguri kafin a rufe hanya, amma rana ta riga mu. A Damaturu muka kwana, a barandar wani masallaci, na yi matashi da jakata.

Maiduguri ta tarbe mu da tabon ambaliyar watan Satumba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Jikin katangu da yawa akwai zanen inda ruwa ya tsaya, wani wurin ya wuce tsayin mutum. Ban sha wahalar neman tashar Baga ba, hanci ne ya kai ni. Ƙamshin banda ya cika unguwar, kwalaye jibge kamar dalar gyaɗa, ana ta loda su a manyan motocin da za su yi Kudu.

Daga Maiduguri zuwa Baga bai cika kilomita 200 ba, amma ya cinye mana yini. Gajiganna, Gajiram, Monguno, Kuros Kauwa. A kowane babban shinge sai a sauka, a nuna katin shaida, a taka a ƙafa, mota ta biyo baya. Tsakanin gari da gari kuwa babu kowa, sai kangon gidaje da gonakin da ƙaya ta cinye. Motarmu cike take da katan-katan na sabulu, taliya, sukari da man girki. A wasu wuraren nakan ga direba ya zura hannu ta taga ya dawo da shi wayam. Da ya lura ina kallo sai ya yi dariya ya ce, "Malam, riƙe lissafi. Duk wannan a cikin kuɗin sabulun da za ka saya gobe yake."

A Kuros Kauwa wani dattijo ya nuna mini hanyar da ta yi Kukawa, garin da Shehu Laminu ya kafa a 1814, wanda Rabe ya rusa a 1893. Ya ce ƙasar nan ta saba da a watse a dawo.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Baga shi ne rami. An haƙa shi ya kewaye gari, da ƙofofin da ake buɗewa da safe a rufe kafin duhu. Ni da na tashi ina jin labarin ganuwar Katsina, yadda ake rufe ƙofofi da magariba, wanda ya makara ya kwana a waje, na ɗauka zancen ya zama tarihi. Sai ga shi mutane suna rayuwa a cikinsa, suna duba rana kafin su yi nisa.

Na sami Kawu a tsakar gida, gaban murhun banda, yana juya tarwaɗa a kan ragar waya. Ya rame, ya yi baƙi, amma muryarsa ta dawo, irin wadda ban taɓa ji ba a shekarunsa na Katsina. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi kowa da sunansa, har akuyar Inna. Da dare aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyen kifi, tsoka manya-manya, irin wadda a gidana sai dai in an yi albashi a sa yanka huɗu a tukunya don ƙamshi. Na ci har na ji kunya. Matar Kawu ta ce, "Ƙara mana. Kifi ai ba abin rowa ba ne a nan. Da shayi ka nema da sukari, da ka ga rowa."

Kwana biyar na yi, kuma halin malamin makaranta bai bar ni ba, na yi ta lissafi a bayan wata tsohuwar takarda. A Katsina, kafin in sa loma a baki, na biya haya, na biya 'yan ga-ruwa, na sayi gawayi, na biya kuɗin wutar da ba ta zama, na ware na Keke Napep. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne, kuma kowa ya san ranar da yake ƙarewa. Kawu ba ya biyan haya. Ruwan sha daga famfon sola ne a bakin layinsu. Masara da wake daga gonarsa suke, gonar da tafki ke ba shi aro: ruwa ya ja baya, a bi sawunsa a shuka a danshi, ba ban-ruwa, ba taki. Kifi kuwa ko almajiri ya yi sallama sai a miƙa masa guda.

Sai ɗaya gefen takardar. Duk abin da ya hau mota kafin ya iso, wuta yake. Sabulun da nake saya a Sabuwar Unguwa, da kuɗinsa za ka cika kwano da karfasa a bakin ruwa, a kantin Baga kuma kuɗin ba su isa sabulun ba. Haka sukari, haka man gyaɗa, haka siminti da kwanon rufi, shi ya sa gidaje da yawa da aka ƙona har yanzu zana ce ta rufa musu asiri. Fetur na injin jirgi ba a shigo da shi yadda aka ga dama, saboda tsoron kada ya faɗa hannun mutanen daji, don haka ɗan abin da ya shigo sai mai rabo. Na nemi tsabar kuɗi wurin mai POS, ladan da ya yanka ya sa na fasa. Wata maƙwabciyarsu ta ba ni labarin 'yarta da naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare. Ana son a fita da ita Monguno ko Maiduguri, ƙofa kuma a rufe. Suka zauna suna addu'a har gari ya waye. Allah ya sa ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Wannan ban san a wane layi zan rubuta shi ba.

Rana ta uku Kawu ya kai ni bakin ruwa. Na taho da hoton teku a kaina, shuɗi har iyakar gani. Abin da na tarar mashigi ne tsakanin kachalla, da jirage jere, da mata suna feɗe kifi. Ya ce dattawan da ya tarar sun ba shi labarin lokacin da ruwa ke lasar gindin gari. Haka ne kuwa: a shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, kafin farin 1973 da na 1984 su tsuke shi. Amma bai mutu ba. Mafi yawan ruwansa daga kogin Shari yake zuwa, daga can kudu ta Cadi, kuma tafiyar tana ɗaukar watanni. Shi ya sa a lokacin da madatsunmu na Ajiwa da Zobe suka fara ja da baya, a nan cikin sanyi ruwa ke cika. A shekarar ma, in ji masunta, ya zo da ƙarfi, har ya cinye wasu gonaki.

A bakin mashigin na ji Hausa kala-kala, ta Kabi, ta Sakkwato, ta Haɗeja, ta Damagaram, gauraye da Barbarci da Larabcin Shuwa. Ana sauke tarwaɗa, karfasa da bargi. Kawu ya nuna mini tarkon kifin da suke kira gura, ya nuna mini mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Muka ɗan shiga da jirgi, ba mu yi nisa ba ya sa aka juya. Ya nuna gabas da haɓa, inda tsibiran da suke kira tumbu suke, ya rage murya.

"Daga can ba namu ba ne. Kifin yana can, ƙasa mai kyau tana can. Mai son shiga sai ya biya yaran nan, su ba shi takarda. Wani ya biya ya dawo da arziki. Wani ya biya bai dawo ba."

"Ku kuna shiga, Kawu?"

"Na tsufa. Abin bakin gaɓa ya ishe ni."

Ban ga ya kalle ni ba da ya faɗi haka.

Daren da zan taho na isar da saƙo. Na ce Inna ta ce ku dawo gida. Ya daɗe yana tona wuta da tsinke kafin ya amsa.

"Wane gidan? Gonarmu ta Batsari, yaushe rabon da wani ya kai mata fartanya? Ba 'yan bindiga ne suka kore ku kuka tattaro birni ba? Can daji da masu shi, nan ruwa da masu shi. Shekara shida na yi a zauren babanka. Ba a taɓa ɓata mini ba, Allah ya saka. Amma kullum ina zaune ina sauraren ƙarar kwano daga cikin gida, kamar yaro. A Katsina komai akwai, sai dai a kanti yake. Nan abin kaɗan ne, amma a hannuna yake."

Na ce, "To tsoron fa?"

Ya ce, "Shi ne kuɗin hayarmu. Kai kana biya a shekara, mu kullum dare."

Sai ya ƙwala wa autansa kira, yaro ɗan shekara 11, wanda tashin hankali da ƙaura suka sa har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. Ya ce, "Ka ce wa Yaya ta yi haƙuri, ni ba zan zo ba. Ga wannan, ka tafi mata da shi, ka sa shi a makarantarku. Garin nan yana ciyar da mutum, amma bai kai ga koyar da shi ba tukuna."

Muka kamo hanya ni da yaron da kwalin banda guda. A kowane zango sai an biya wa kwalin nan kuɗin mota kamar fasinja. Kafin mu iso Katsina na gane dalilin da ya sa a Babbar Kasuwa ake jera banda huɗu a faranti a kira kuɗin da zai sa ka ja da baya. Masunci bai ga kuɗin ba, mai ci bai ga arahar ba, hanya ce ta cinye tsakani. An ce araha ba ta ado. Ta Baga ko tafiya ba ta yi, a bakin rami take tsayawa.

Inna ta leƙa bayana ta ga ba ƙanenta, ta ga yaro. Ba ta ce komai ba. Ta jawo shi jikinta, ta shafa kansa, ta sa aka rarraba bandar gida-gida a layinmu.

Ba a yi sati uku ba, cikin watan Janairun 2025, muna karyawa rediyo ya ce an kashe manoma kusan 40 a Dumba, kusa da Baga. Na kira lambar Kawu, ba ta shiga. Na kira ta maƙwabcinsa, ba ta shiga. Kwana biyu Inna ba ta bar kan sallaya ba sai don alwala. A na uku, da la'asar, waya ta yi ƙara. Shi ne. Ya ce lafiya lau yake, amma akwai waɗanda ya sani a ciki. Ya yi shiru. Sannan ya tambaya ko an yi wa yaron rajista, ya ce in gaya wa Yaya waken bana ya yi kyau, in an girbe zai aiko mata.

Na miƙa wa Inna wayar, ina jiran ta sake cewa ya dawo. Ba ta ce ba. Ta tambaye shi ko yana da rigar sanyi.

Da sati ya zagayo na ji tana gaya wa uwar adashi a sake sa ta a layi. Ba ta faɗi abin da za ta yi da kuɗin ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai duba kalandar makaranta na ga ranar da za a ba da hutu na gaba.