Nonon da Ya Ƙi Ƙafewa

Kwana biyar da haihuwarta ta fari, a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, barci ya ƙaurace wa idonta. Ta riƙa cewa an sauya mata jariri. Aka ce iska ce ta shafe ta wurin wankan jego, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Sai bayan suna aka kai ta asibiti a Kano, inda aka ce taɓin hankalin bayan haihuwa ne, wanda kan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Aka ɗora ta kan haloperidol, ta dawo hayyacinta, aka ce ta ci gaba da sha.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Ta yaye yaron, wata shida ya shuɗe, amma haila ba ta dawo ba, nono bai ƙafe ba, ciki bai shiga ba. Uwar miji ta fara zancen ƙarin aure.

Wanda ya san noman rani a Watari ya san aikin ƙofar madatsa: ita ke tsare ruwa har lokacin ban-ruwa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ƙulli mai girman ƙwayar wake, mai suna fituwitari, wanda ke samar da furolaktin, sinadarin da ke kawo nono. Ƙofar da ke tsare shi kuwa ita ce dofamin. Magungunan taɓin hankali na farko, tun daga chlorpromazine da aka fara ba marasa lafiya a Faris a 1952, har haloperidol da aka haɗa a Beljiyam a 1958, suna aiki ne ta hanyar toshe wuraren da dofamin ke sauka. Hakan kan kwantar da ruɗani, amma kuma yakan buɗe ƙofar. Furolaktin ya yi yawa, jiki ya ɗauka ana shayarwa, ƙwai ya daina fita.

Ita ba ta san wannan ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne tun da ta fara ƙwayar jikinta bai koma daidai ba. Sai ta daina sha a ɓoye. Hailar ta dawo, ciwon ma ya biyo baya.

“Likita, in na sha ba haihuwa, in na bari ba hankali,” in ji ta, ranar da mahaifiyarta ta mayar da ita asibiti. “Wanne zan ɗauka?”

Tambayar nan ce ke tilasta wa likitan ƙwaƙwalwa, da na mata, da masanin sinadaran jiki zama kan tabarma ɗaya. Da zarar mabiyiya ta faɗi, istirojin da furojestaron sukan faɗi warwas cikin ’yan kwanaki. A 2000, masu bincike a Amurka sun kwaikwayi wannan faɗuwa a jikin mata 16. Biyar cikin takwas da suka taɓa fama da ciwon damuwa bayan haihuwa sun sake jin alamunsa, alhali ko ɗaya cikin sauran takwas ba ta ji ba. Ashe faɗuwar ɗaya ce, yadda ƙwaƙwalwa ke karɓarta ne ya bambanta. Binciken wannan fage ne ya kai ga zuranolone, ƙwayar kwana 14 da Amurka ta amince da ita a 2023 don ciwon damuwar masu jego, ko da yake ba maganin irin ruɗanin da ya same ta ba ne.

Nata maganin bai kai haka nisa ba. Aka auna furolaktin a jininta, aka sauya mata zuwa aripiprazole, wanda ba kasafai yake ɗaga shi ba. Aka kuma gargaɗe ta cewa ciwon na iya dawowa a haihuwa ta gaba, don haka a zo asibiti tun ciki yana ƙarami.

Da suka fito, mahaifiyarta ta tambaye ta abin da za a faɗa wa dangin miji. “Inna, ki ce musu ƙwayar ce,” in ji ta, “kuma an sauya ta.”