Da Ciwon Ya Komo

Sankarar mama, wadda ake kira ciwon daji, ba ta cikin cututtukan da mata ke son ambatawa. Amma ɓoye ta bai rage ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an sami mata wajen miliyan 2.3 da ita, wajen 670,000 kuma suka rasu. Ni ina cikin waɗanda ta kama sau 2, shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labari.

A Unguwar Gano nake zaune, nan kusa da Gyaɗi-Gyaɗi. Karon farko an cire mini mama na hagu a Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya, aka bi ni da ƙarin ruwan magani sau 6, bayan kowane mako 3. Gashina ya zube, ya kuma tsiro. Na yi shekara 4 lafiya lau ina ɗinkina. Ran nan sai na ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gujiya a kan tabon fiɗar. Ban bari mako ya kewayo ba na koma.

Likita ya yanki ɗan naman aka duba, aka tabbatar ita ce. Daga nan ya sa aka ɗauki hoton ƙirjina, da hanta, da ƙasusuwa. Ya ce, "Hajiya, komowar ciwon nan iri 2 ce. In a wurinsa na dā ya tsaya, ana sa ran raba ki da shi. In kuwa ya bazu cikin jiki, sai a danne shi, a rage zafi, a ja kwana." Nawa a wurinsa ya tsaya. Ya ba da shawara a sake fiɗa, sa'an nan a gasa wurin da na'ura, tun da ba a gasa ba a karon farko. Bayan haka in riƙa shan ƙwaya kullum har shekaru, domin irin tawa sankarar da sinadarin jikin mace take girma.

To, a nan shawara ta rabu. Gwaggona ta ce, "'Yar nan, an yanka ya dawo, me kuma za a sake yankawa? A nemi na gargajiya." Malam ya yi shiru, ya san aljihunsa. Gashin kuwa sai an je Shika a Zariya, kwana 5 kowane mako har makonni, ga kuɗin mota, ga masauki. Abin da na mallaka shi ne adashen da na tara don kayan ɗakin 'yata.

Na kwana 3 ina juyayi. Sai yarinyar da kanta ta durƙusa ta ce, "Umma, gado da katifa ana samu a kasuwa, a ɗaga bikin." Na auna, na ga tsiron da yake kamar gujiya yau, in an jira shi wata 6 ba a san inda zai kai ba. Na roƙi Gwaggo ta taimake ni da addu'a, na sa hannu a takardar fiɗa.

Likita bai yi mini alkawarin ba za ta sake komowa ba. Ina shan ƙwayata, ina zuwa awo ranar da aka rubuta, na kuma koma kan kekena.

Ke da kika koyi karatu, ga amfaninsa. Rubuta tambayoyinki kafin ki ga likita: ina ciwon ya kai, wace iri ce, mene ne nufin maganin, nawa zai ci. Tafi da wanda zai taya ki saurare. Adana takardunki wuri guda. In kin ji ƙullutu a mama, ko a hammata, ko a tsohon tabo, kada ki jira ya yi zafi, gama sau da yawa ba ya ciwo da farko. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.