Daga Sabo Zuwa Bodija: Neman Zarton Da Ya Dace Da Gida

Idan kana zaune a Ibadan ka san yadda ruwan farko yake zuwa a watan Maris ko Afrilu: iska ce ke riga shi isowa. Reshen mangwaro ko na dogonyaro da ya shekara yana leƙen kwanon ɗakin yara, a irin wannan dare yake karyewa. Maganinsa a rage shi tun da rani, kuma da zarto, domin adda takan goce ta sari ƙafa, ta kuma bar wa bishiya rauni mai saurin ruɓewa.

Daga Sabo, unguwar da Hausawa suka zauna tun 1916, ka hau 'yar Micra a Mokola zuwa kasuwar Bodija, ka nemi Iso Pako, wato ɓangaren masu katako. Tun daga nesa za ka ji kukan injin da ƙanshin garin katako. Kafintoci ne ke cika wurin, saboda haka zarton da masu shagunan kayan aiki za su fara miƙo maka shi ne na kafinta, mai faɗi da ƙananan haƙora. Wannan na busasshen katako ne. A ɗanyen reshe haƙoransa sukan cushe ya maƙale, kai kuma ka sa ƙarfi, a nan ne hannu ke zamewa.

Abin da za ka tambaya iri uku ne. Akwai mai lanƙwasa, wanda yake ci lokacin da ka jawo shi, shi ne na rassan sama. Akwai mai siffar baka, mai ruwa na inci 21 zuwa 30 da ake sauyawa, na yanka guntayen itace a ƙasa. Sai mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, ruwansa wajen inci 7, wanda ya fi dacewa da tafiya, ko zuwa gona ne ko kwanan daji. Bahco na Suwidin da Silky na Japan sun yi suna a nan, amma suna a kwali ba ya hana jabu, sai ka duba da idonka.

Ƙirga haƙoran: shida zuwa takwas a kowane inci ne suka dace da ɗanyen itace. Ɗaga zarton ka hango tsawonsa, ka tabbata a miƙe yake. Ɗan tanƙwara ruwan ka sake, mai kyau zai koma yadda yake. Riƙe ƙotar ka girgiza, idan ta yi motsi ajiye shi. Mai naɗewa kuwa, makullinsa ne ransa: buɗe shi ka danna bayansa, wanda ya rufe da kansa wata rana a kan yatsunka zai rufe. Haƙoran da bakinsu ya yi baƙi an gasa su ne, suna daɗewa da kaifi, amma magagari ba ya cin su, sai dai a sauya ruwan. Tambayi mai shago ko yana da na sauyi kafin ka biya.

A gida, fara yanka reshen ta ƙasa kaɗan, sannan ta sama can gaba har ya faɗi, daga baya ka cire kututturen. Haka ɓawon bishiyar ba zai yage ba. Yara su koma nesa, wani babba ya riƙe tsani. Reshen da ke kusa da wayar lantarki, ko wanda ya fi cinyarka kauri, bar wa masu sana'ar.

Idan an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a wanke da ruwa da sabulu. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai. Ƙwayar tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, don haka rauni mai zurfi na asibiti ne a ranar, musamman ga wanda ya daɗe bai yi rigakafi ba.

In tafiya ta kai ku daji, busasshen itacen da ya faɗi ya isa hura wuta. A gandun gwamnati irin su Old Oyo da Yankari, sare itace laifi ne. Bayan kowane aiki a goge ruwan zarton a shafa masa mai, don laimar kudu ba ta jinkirin kawo tsatsa, sannan a rataye shi inda hannun yaro ba zai kai ba.