Daga Katsina Zuwa Sakkwato Ta Sama

Yau zancenmu na tafiya ne. Da yawa a cikinku kuna aure a Katsina, iyaye suna Sakkwato, ko kuwa ku ne a Sakkwato, dangi suna Katsina. In aka aiko maki cewa gyatuma ba ta da lafiya, ki zo maza, wace hanya za ki bi?

'Yan makaranta, ku ɗauko taswira da zare. Ku aza bakin zaren a kan Katsina, ku miƙe shi yamma har Sakkwato. Tsawon nan shi ne nisan sama. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010, zuwa filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, wajen kilomita 270 ne, watau kamar mil 170. Jirgin da ya miƙe sosai ba zai cika sa'a guda ba.

Mota kuwa ba ta da wannan gata. Sai ta ratsa Jibiya, Ƙauran Namoda, Gusau da Talatar Mafara, wajen kilomita 400 ke nan. Ga shi kuma a shekarun nan matafiya suna fargabar 'yan bindiga a wannan yanki.

To, sai ki ce ai jirgi ya raba gardama. Dakata tukuna, uwargida! Masu jirage ba su cika haɗa ƙananan filaye biyu ba, don fasinja ba su isa su biya kuɗin mai ba. Galibi sai a kai ki Abuja, wajen kilomita 450 kudu, ki sauka, ki jira wani jirgin da zai koma da ke arewa wajen kilomita 490. Tafiyar 270 ta zama ta fiye da 900, kuɗin tikiti kuma biyu. In jirgin na biyu ya riga ya tashi, kwana ya kama ki a garin da ba ki san kowa ba.

Saboda haka, kafin maigida ya biya kuɗi, a tambayi abu uku. Jirgin miƙewa zai yi, ko sai an canja? Sa'a nawa ne tsakanin sauka da tashi? Wace rana ce yake zuwa? In lokacin hunturu ne, ki tuna hazo yakan hana jirgi sauka, don haka ki riƙe guzuri da abincin yara.

Zare a kan taswira ba ya faɗin ranar isa. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah Ya kai mu lafiya, sai mako mai zuwa.